Ta nemi ruwan ƙasa, ta samu baƙi: nazarin wani rinin gashi da ya yi duhu

Matar da wannan bayani ya shafa ƙawar ƙanwata ce, shekarunta talatin da 'yan kai. Gashinta na asali mai duhu ne da ɗan sirkin ruwan ƙasa, tsawonsa ya sauka kafaɗa, kuma furfura ta fara leƙowa a gaban goshi da gefen kunnuwa. Kimanin shekara guda kafin wannan lamari an yi wa gashin bilicin, aka mayar da shi ruwan zuma. Da launin ya gundure ta, sai ta sayi rinin kwali mai lamba 5, wanda hoton jikinsa ke nuna ruwan ƙasa mai taushi, ta shafa da kanta tun daga saiwa har ƙarshe. Furfurar ba ta rufu yadda take so ba. Bayan mako biyu ta sake sayo irinsa ta maimaita, a dukkan kan, wannan karon ma ta bar shi ya wuce lokacin da takardar cikin kwalin ta ƙayyade. Da gashin ya bushe sai ga shi baƙi.

Da ta kira ni ta riga ta yanke shawara. Ta ce, "Yaya, kaina ya koma baƙi wuluk. Gobe zan sayo mai haske in ɗora a kai." Na ce mata, "Ƙanwata, kada ki sayi komai tukuna. Ki zo da kwalin da kika yi amfani da shi, kuma ki zo da rana."

Abin da aka tarar a kan

A hasken fitila kan nata baƙi ne bai ɗaya. A hasken rana kuwa launi uku ne. Masu rini suna auna duhun gashi da lambobi daga 1 zuwa 10: 1 shi ne baƙi ƙirin, 10 shi ne mafi haske. Santimita biyun da ke daf da fatar kai suna wajen lamba 5, har da ɗan ja-ja. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ɗumin fatar kai yana hanzarta aikin rini a wurin. Daga nan zuwa kusan santimita 12, wato sabon gashin da ya tsiro bayan bilicin, tunda gashi kan ƙaru da santimita 1 ko ɗan fiye a wata, launin ya tsaya a wajen 4. Sauran tsawon, wanda ya taɓa shan bilicin, shi ne ya yi baƙi. Yana kusa da lamba 2, ba ya sheƙi, kuma idan aka karkata shi ga rana ana ganin wani dusasshen kore-kore a jikinsa.

Wannan bambancin shi ne kan maganar, kuma shi ne abin da mai kallon madubi cikin ɓacin rai ba ta gani. Kashi ɗaya bisa uku na kan ba ya buƙatar komai. Duk abin da za a yi, a ƙasa za a yi shi.

Dalilin da ya sa ƙasan ya fi duhu yana cikin yadda silin gashi yake. Kowane sili yana da ɓawo a waje, 'yan falle-falle da suka hau kan juna, sannan da tsoka a ciki inda launi yake zaune. Bilicin yana ɗaga ɓawon nan, ya gutsuttsura shi, ya kwashe launin asali, ya bar gurabe. Gashin da ya sha bilicin kamar busasshen soso yake, duk ruwan da ya taɓa shi sai ya zuƙe fiye da kima. Ga kuma wani abu: kwalin da ta saya na dangin launin toka ne, wanda a tsarin kamfanoni da dama ake rubuta 1 bayan ɗigo, wato 5.1. Irin wannan an haɗa shi da shuɗi-shuɗi domin ya kashe jan da ke ɓoye cikin gashi mai duhu. To gashin da aka yi wa bilicin ya riga ya rasa mafi yawan jansa, sai shuɗin ya rasa abin da zai kashe, ya zauna a kan rawayan da ya rage. Daga nan koren ya fito, kuma launi mai toka ko da yaushe ido yana ganinsa ya fi lambarsa duhu. A ɗora wannan sau biyu cikin mako biyu, an samu baƙi.

Hoton jikin kwali bai yi mata ƙarya ba. Ya nuna abin da zai fito ne a gashin da rini bai taɓa taɓawa ba.

Dalilin hana ta sayo mai haske

Rinin dindindin ba fenti ba ne da ke kwanciya a saman gashi. Cikin kwalin akwai abu biyu: man rinin, da farin ruwan da ake haɗa shi da shi. Man yana ɗauke da amoniya ko wani ɗan'uwanta da ke kumbura sili ya buɗe ɓawo, da kuma wasu ƙananan sinadarai marasa launi, wanda aka fi sani cikinsu shi ne PPD. Farin ruwan kuwa haidurojin feroksaid ne, yawanci mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, wanda ake rubuta masa 20 a jiki. Ƙananan sinadaran suna kutsawa cikin tsokar gashin, feroksaid ya sa su harhaɗu da juna su zama manya masu launi. Da sun girma, ƙofar da suka shigo ta yi musu kaɗan. Abin da ake nufi da dindindin ke nan.

Wannan fasaha ta haura shekara ɗari ana goge ta. A 1907 ne Eugène Schueller, wani masanin sinadarai a Faransa, ya fara sayar wa masu gyaran gashi na birnin Paris rinin da ya haɗa, kuma kamfanin da ya kafa a 1909 shi ne ya zama L'Oréal. Tun daga wancan zamani babban abin da masu sana'ar ke nema shi ne launin da wanki ba zai fitar ba. Duk wadda ta ɗauki shamfu za ta yaƙi rinin dindindin, ta san da abin da take karawa.

Feroksaid ɗin cikin kwali yana iya hasken launin asali na gashi da mataki ɗaya ko biyu, amma ba ya yi wa rinin da ya riga ya zauna wani abin a zo a gani. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa rini ba ya ɗaga rini. Da ta ɗora lamba 7 ko 8 a kai, da na daf da saiwa ne kawai zai yi haske, ya koma ruwan goro, ƙasan kuma ya ƙara shan wani launin a kan wanda yake da shi. A ƙare da kai mai haske a sama, baƙi a ƙasa, ga gashi ya sha sinadari karo na uku cikin wata guda.

Abin da ta riga ta yi kafin ta zo

A daren da abin ya faru ta kwaɓa bekin soda da sabulun wanke-wanke ta goga a dukkan kan, har fata. Ruwan da ya zuba ya yi duhu, ta yi murna, amma da ya bushe bambancin kaɗan ne, gashin kuma ya yi kaushi, fatar kai tana zafi.

Ba zan ce haɗin ba ya fitar da komai ba. Yana fitarwa, sai dai ta hanyar da ba ta da riba. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, gashi da fatar kai suna zaune tsakanin 4.5 da 5.5, wato ɓangaren tsami kaɗan. Ruwan bekin soda yana sama da 8, wato ɓangaren kanwa. Yana kumbura sili ya ɗaga ɓawo, ɗan launi ya fice, sabulun wanke-wanke kuma ya kwashe duk wani maiƙo da ke kare gashin. A gashi mai lafiya, sau ɗaya, za a iya jurewa. A gashin da ya sha bilicin sannan ya sha rini biyu, ɓawon da ya rage ake ƙarasawa. Wadda take sa rilaksa kuwa, ban yarda ta kusanci wannan haɗin ba ko kaɗan, domin rilaksa ya riga ya raunana igiyoyin da ke riƙe da silin daga ciki.

Zafin fatar shi ne ya fi damuna, ba launin ba. Dole a bambance fatar da aka goge ta yi tsami da fatar da jiki ya ƙi jinin rinin. Ƙin jinin PPD yakan bayyana ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, da ƙaiƙayi mai tsanani, ƙuraje masu ruwa a bayan kunne da ƙeya, wani lokaci da kumburin fatar ido ko fuska. Rini mai duhu ya fi yawan wannan sinadari, kuma ba a banza Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kashi 2 cikin ɗari bayan an haɗa rinin ba, haka ma takardar kwali ba a banza take cewa a gwada a fata awa 48 kafin a shafa ba. Wadda ta ga kumburi, asibiti za ta nufa, ba wani haɗin gida ba. Ita dai babu kumburi, babu ƙuraje, ja ne kawai inda ta dirje. Duk da haka sai da aka bar kan ya huta 'yan kwanaki, ba a sa masa komai ba sai kwandishana a tsawon gashin.

Gwaji a sili kafin a taɓa kai

Daga ƙeya, inda ba a gani, aka yanko 'yan tufka ƙanana daga ɓangaren da ya yi baƙi, aka ɗaure kowanne da zare. Ɗaya aka ajiye shi yadda yake domin kwatanci. Wannan na ajiyewa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ido yana sabawa da launi, bayan kwana biyu mutum ba ya iya tuna ainihin duhun da ya fara da shi.

An kuma gwada ƙarfin gashin: a jiƙa sili ɗaya, a ja shi a hankali. Mai lafiya zai ɗan miƙe ya koma. Nata na sama haka ya yi. Na ƙarshen kuwa ya miƙe bai koma duka ba, wasu suka tsinke. Tun daga nan na san iyakar aikin ba launi ne zai faɗe ta ba, ƙarfin gashin ne.

Tufka ɗaya aka wanke shi da shamfu mai ƙarfi, na maganin amosani, cikin ruwan ɗumi. Mutane suna danganta wa shamfun amosani wani sirri, alhali mafi yawan aikin na sinadarin kumfa ne mai ƙarfi da ke cikinsa, dangin salfet, tare da ruwan kansa. Ruwa shi ne babban mai koɗar da rini, musamman mai ɗumi. Wani tufkan aka jiƙa shi da man zaitun ya kwana sannan aka wanke. Na ukun aka sa masa bitamin C.

Na man ya yi laushi, launinsa bai motsa ba sai da ƙyar. Na shamfu ya ɗan sassauta. Na bitamin C shi ne ya nuna bambancin da ko wanda bai san zancen ba zai gani idan an jera shi da na ajiya: baƙin ya karye, koren ya tafi, wani ruwan ƙasa mai duhu ya leƙo.

Akwai dalili. Feroksaid ya ɗaure launin ne ta hanyar wani sauyi na sinadari, bitamin C kuma yana cikin sinadaran da ke tura abu ta kishiyar wannan hanya. Ƙarfinsa kaɗan ne, ba zai kwance abin da ya ɗauru can ciki ba, amma yana samun na kusa da baki da rarar da ta taru. Abin da ya sa ya yi tasiri a nan shi ne ainihin abin da ya jawo matsalar: gashi mai gurabe yana zuƙar launi da sauri, yana kuma sakinsa da sauri. Da a gashi mai ƙarfi ne wanda aka shekara ana yi wa baƙin rini, da sakamakon bai kai haka ba.

Lemun tsami da zuma, waɗanda wasu ke cewa suna haskaka gashi, ba a ma gwada su ba. Lemun tsami da rana suna ɗan taɓa launin asali ne, ba rini ba, ga busar da gashi, ga shi ruwansa a fata cikin rana yana iya haddasa ƙuna da tabo. Zuma idan an tsinka ta da ruwa tana samar da ɗan feroksaid, amma bai kai ya taka kara ya karya ba. Ruwan bilicin na wanki kuwa, wanda wasu ke raɗawa juna, narkar da gashi yake yi, ya ƙona fata.

Aikin a kan kanta

An daka fararen ƙwayoyin bitamin C, waɗanda ba su da kala ko zaƙi, suka zama gari, kimanin cokali biyu. Aka kwaɓa da shamfun har ya yi kauri yadda ba zai zuba ba. Aka jiƙa gashin da ruwan ɗumi aka matse, aka raba shi kashi-kashi, aka shafa haɗin daga inda tsohon bilicin ya fara zuwa ƙarshe. Saiwa da fatar kai ba a taɓa su ba. Aka rufe da hular leda na kusan minti 40, ana dubawa, sannan aka ɗauraye sosai, aka bi da sitimin mai kyau. Gashin yakan fito da kaushi bayan wannan haɗin, don haka sitimin ɗin ba ado ba ne.

Karon farko ruwan ya zuba da duhu. Bayan an bar kusan mako, karo na biyu ya zuba da ɗan launi kaɗan. A tsakani wanki ne na yau da kullum da ruwan ɗumi, da man zaitun kafin wanki domin rage bushewa, kuma an ajiye ƙarfen miƙar da gashi gaba ɗaya. Ta so a yi na uku washegari. Na ce a fara da tufka. Tufkan bai ƙara haske ba, sai kaushi da ya ƙaru. Abin da zai fita ta wannan hanya ya riga ya fita.

Inda aka tsaya: ƙasan ya tashi daga wajen 2 zuwa tsakanin 3 da 4. Ba lamba 5 da ta nema ba ce. Amma ya matso kusa da na tsakiya, layin da ya raba su ya daina kama ido, koren ya tafi, kuma a rana kan yana karantuwa a matsayin ruwan ƙasa mai duhu, ba baƙi ba. A ganina wannan shi ne iyakar abin da za a sa rai da shi daga kayan gida: mataki ɗaya, in an yi sa'ar gashi mai sakin launi, ɗaya da rabi. Duk mai cewa za a tashi daga baƙi zuwa ruwan zuma da ƙwayar bitamin, ko dai rinin nata na wucin gadi ne mai fita da wanki, ko kuma hasken da aka ɗauki hoton ne ya sha bamban.

Maganar mai cire rini

Saura hanya guda da ake iya bi a gida, wato mai cire rini na kwali wanda ba bilicin ba ne. Sinadarinsa dangin salfa ne, shi ya sa yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma aikinsa irin na bitamin C ne amma da ƙarfi sosai: yana wargaza manyan ƙwayoyin launin su koma ƙanana, yadda ruwa zai iya fitar da su. Ta matsa a gwada, aka gwada a tufka biyu.

Duka biyun sun yi haske nan take, suka koma wani ruwan goro mara daidaito. Nan ne mutane ke shan mamaki. Mai cire rini ba ya dawo da launin da mutum yake da shi a da, yana tona abin da ke ƙarƙashi ne, kuma abin da ke ƙarƙashi gashi ne da feroksaid ya riga ya ci. Tufka ɗaya aka ɗauraye shi a gurguje, ɗayan aka daɗe ana wankewa da shamfu da ruwan ɗumi kamar yadda takardar ta ce. Zuwa washegari na gurgujen ya sake yin duhu, domin ƙananan sinadaran da suka rage a ciki sun haɗu da iska sun koma yadda suke. Wanda aka wanke da kyau ya riƙe haskensa, amma da aka ja shi a jiƙe ya fi na da rauni, saboda doguwar wankin.

Ke nan idan ta bi wannan hanya sai an sake rini na uku domin a rufe ruwan goron, a kan gashin da zai sake zuƙewa fiye da kima. Irin wannan gyara yana buƙatar a fara mayar wa gashin jan da ya rasa kafin a ɗora ruwan ƙasa, a kuma zaɓi lambar da ta fi wadda ake so haske. Aiki ne na ƙwararriya mai kallon kan da idonta, ba na mutum shi kaɗai a gaban madubi ba. Da ta ga tufkan biyu a tafin hannunta ta ce, "Yaya, a bar shi haka."

Bayan wajen wata biyu launin ya ƙara sassautawa da kansa saboda wanki da rana, ƙasan ya zauna a kusan 4, daidai da tsakiya. An datse santimita 2 zuwa 3 na ƙarshen da ya tsattsage. Da furfura ta sake fitowa, an yi gwajin fata na awa 48, aka shafa rini a sabon tsiro kaɗai, lamba 5 ta dangin launin asali wadda ta fi rufe furfura, ba mai toka ba, aka wanke a daidai lokacin da takarda ta faɗa. Tsawon gashin ba a sake sa masa rinin dindindin ba.